Gogen Wane Ne?

Akwai wani nau'in zane da ya yaɗu a ƙasashen Turai da Amurka, wanda intanet ta kawo har cikin wayoyin samarinmu masu sha'awar kiɗa a Yamai. Takarda ce guda babba, an jera mata gitocin bas goma ko ashirin, wato gitar nan mai kaurin murya da ke riƙe gindin kiɗa. Kowace an zana ta da hannu, da launinta, da tabonta, da wurin da gumi ya cinye fenti. Babu fuskar mutum ko ɗaya a ciki. A ƙarƙashin kowace gita, abin da ake rubutawa shi ne sunan mai ita da shekarar da aka ƙera ta.

Wanda ya san kiɗan Beatles ba ya ma bukatar rubutun. Da ya ga gitar nan mai siffar gogen Turawa, ƙirar Höfner, ya san ta Paul McCartney ce, wadda ya saya a birnin Hambug na Jamus a 1961. An sace ta a Landan a 1972. Masoya suka haɗa kai don nemanta, suka bi sawunta ta jaridu da intanet, har aka gano ta a gidan wasu mutane a kudancin Ingila, aka sanar da komawarta hannun mai ita a watan Fabrairu na 2024, bayan fiye da shekara 50. Kusa da ita ana zana gitar Jaco Pastorius, ƙirar Fender ta 1962, wadda ya cire wa ƙarafan da ke gindaye a wuyanta don sautin ya riƙa zamewa kamar muryar mutum. Ita ma an sace ta a New York a 1986, shekara guda kafin rasuwarsa, ta sake ɓullowa bayan wajen shekara 20, kuma labarin ɓatanta da dawowarta ya zama abin da ake rubutawa a littattafai.

Idan irin wannan zane ya faɗo hannun masu kishin al'ada a wurinmu, an san abin da za su ce: yara sun lalace, sun bar na gida sun kama na dawa, sun san gitar Bature ba su san gurmin kakansu ba. Za a yi taro, a yi jawabi, a tafa, a watse. To, ni rigimata ba da yaran take ba. Da mu take, mu malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, waɗanda aka danƙa wa amanar tunawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da ya ajiye hoton gitar McCartney ya ajiye ne domin an ba shi gita mai suna, mai shekara, mai labari. Mu kuwa me muka ba shi? Mun ba shi “gogen Hausawa”, da “molon Zabarmawa”, da “inzad na Buzaye”, kamar dai a ce kayan nan daga ƙasa suka tsiro, babu hannun da ya sassaƙa su, babu yatsun da suka sa su magana.

Misali mafi kyau na wannan ɗabi'a yana kan tambur na gidan waya, abin da maƙwabtanmu na kudu ke kira kan sarki. A farkon shekarun 1970, Jamhuriyar Nijar ta fitar da jerin tambura masu ɗauke da zanen kayan kiɗan ƙasa: garaya, da gurmi, da molo, da goge, da inzad, da kuntigi. Aiki ne mai kyau, kuma ya zaga duniya a bayan ambulan. Amma a dubi abin da aka rubuta a gefen kowane zane: sunan abin kiɗan, sai sunan ƙabila. Wannan na Hausa, wancan na Zabarma, ga na Sanwai, ga na Abzinawa. A lokacin da ake buga tamburan nan, Ɗan Gurmu yana raye a Tawa, gogensa na tashe a gidan rediyon ƙasa. Jado Seku yana raye, molonsa na riƙe da tarihin mayaƙan Zabarma. Ga masu kayan a tsaye, amma aka zana kayan da ba na kowa ba. Fiye da shekara 50 ke nan, kuma idan aka duba littattafan makaranta da takardun tallar bukukuwanmu, za a ga har yanzu a kan wannan layi muke tafe.

Wannan rashin suna yana da saiwa biyu. Ta farko baƙuwa ce. Masu binciken zamanin mulkin mallaka sun zo ne su tattara samfuri, kamar yadda ake tattara ganyen itace ko duwatsu: abin da ya dame su shi ne a san irin gogen da wata ƙabila ke amfani da shi, don a jera shi kusa da na wata ƙabila a kwatanta. A idonsu mai gogen ba mai fasaha ba ne da za a riƙe sunansa, wakili ne kawai na jama'arsa. Mun gaji wannan ido tare da akwatunan gilashi da ƙananan takardun da ake liƙawa a jikinsu, ba mu taɓa zama mun tambayi kanmu ko ya dace da mu ba.

Saiwa ta biyu kuwa tamu ce, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Al'ummarmu tana son kiɗa, tana raina makaɗi. Za a kira shi ranar suna da ranar aure da ranar naɗin sarauta, a yi masa kari, a ji daɗin kirarin da ya yi wa kakanni, amma in ya zo neman aure a gidan sai a tuna cewa maroƙi ne. Mutumin da ake yi wa wannan kallo, wa zai damu da inda gogensa ya shiga bayan ya rasu? Takobin sarki ana ajiye shi, ana sanin wanda ya riƙe shi da yaƙin da ya je. Allon malami da littafinsa ana gadonsu da girmamawa. Kayan makaɗi kaɗai ne ake jefawa bayan ɗaki, gara ta ci icen, ɓera ya ci fatar. Saboda haka kada mu ɗora wa Nasara laifin duka. Ya tarar da raini a gida, ya ɗora nasa tsari a kai.

Kada kuma a ɗauka cewa su can haka Allah ya halicce su da girmama makaɗa. Tarihin gitar bas kansa ya ƙaryata wannan. Leo Fender ya fitar da ita kasuwa a 1951, kuma shekaru da dama mai kaɗa ta mutumin baya ne, wanda ba a haska shi da fitila. James Jamerson ya kaɗa bas a tarin waƙoƙin kamfanin Motown na Detroit da suka cika duniya a shekarun 1960, amma ba a rubuta sunansa a jikin faifan. Sai a 1971, a faifan Marvin Gaye mai suna “What's Going On”, aka fara ambaton makaɗan gidan da sunayensu. Ya rasu a 1983 cikin ƙunci, an ma sace gitarsa gab da rasuwarsa. Abin da ya fito da shi daga duhu aikin mutane ne: wani makaɗi marubuci, Allan Slutsky, ya bi abokan aikinsa da iyalinsa ya rubuta littafi a kansa a 1989, aka yi fim a 2002, masu zane suka biyo baya. Yau ana zana gitar da ta ɓace, daga hotuna da shaidar waɗanda suka gan ta. Abin lura a nan shi ne, suna ba ya tsayawa da kansa. Sai wani ya ɗauki alƙalami ya tsai da shi. Wannan ɗabi'a ita ce abin koyi, kuma ba ta bukatar mu rataya gitar kowa a bangonmu.

Shin muna da kayan kiɗan da suka cancanci wannan hidima? A fara da biram. Abin kiɗa ne mai tsirkiya biyar, mai siffar kwalekwale, na Buduma masunta na tafkin Cadi. A farkon wannan ƙarni ya kusa ɓacewa, domin gwaninsa da ya rage shi ne tsoho Bukar Tar. Malam Mamman Barka, ɗan Taskar, malamin makaranta da ya riga ya yi suna da gurmi, ya sami tallafin UNESCO a 2002 ya tafi ya zauna wurinsa ya koya, tsohon kuma ya miƙa masa biram ɗinsa. Da shi Barka ya zaga ƙasashe, ya fitar da faifai a Ingila a 2009, kafin Allah ya karɓi ransa a Yamai a watan Nuwamba na 2018. Ga abin kiɗa mai silsila, daga hannun malami zuwa hannun almajiri, daga bakin tafki zuwa dandalin duniya. Me gitar Höfner ta fi shi da shi, in ba masu ba da labari ba?

A dubi kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Tsirkiya guda ce a kan ɗan gwangwanin kifi da aka rufe da fata, abin da ba ya cika tafin hannu biyu, amma da shi mutumin ya yi wa ƙasar Hausa duka wa'azi a kan aure da sana'a da zaman duniya. A dubi gurmin Haruna Uji na Haɗeja, da kukumar Ahmadu Doka. A dubi molon Jaliba Baje, wanda ya rasu a 2018, ya tafi da rumbun asalin gidajen Zabarma a kansa. A dubi inzad, wanda UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a 2013 da sunan Aljeriya da Mali da Nijar: mata ne ke kaɗa shi, kuma kowace ƙwarya tana ɗauke da adon da mai ita ta zaɓa, amma sau nawa aka buga hoton inzad tare da sunan matar? Har a kiɗan zamani labarin bai canza ba. Mdou Moctar, wanda yau ake cika manyan zauruka a Amurka don sauraronsa, gitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. A wata ƙasa da tuni an zana wannan gita a littafin ƴan firamare, don yaron ƙauye ya ga inda himma ke farawa.

Akwai kuma mutanen baya, waɗanda zanen gitar bas ya fi tuna mana da su. Kowa ya san Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, amma waƙarsa a kan kalangai take tafiya, kuma kowane kalangu yana rataye ne a kafaɗar wani mutum mai suna da gari. Barka bai hau dandali shi kaɗai ba. Umaru Adamu na gefensa da ganguna. Ƙungiyar Mamar Kassey, da Yakuba Mumuni ya jagoranta tun 1995, ta haɗa sarewa da molo da kalangu da ƙwarya da gitar bas a wuri guda, kuma bas ɗin ce ke ɗaure na gargajiya da na zamani. Tal National ta shekara da shekaru tana raya daren Yamai. A shiga aji a tambayi ɗalibai sunan mai bas ko mai ganga na ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan. Shirun da za a ji shi ne ma'aunin aikin da muka bari.

Na san hujjojin da za a kawo, kuma ya kamata a amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Za a ce gitar Bature ƙarfe ce da katako mai ƙarfi, tana da lambar masana'anta, tana shekara 60 ba ta lalace ba; gogenmu kuwa ƙwarya ce da fatar guza da tsagiyar doki, yau ya fashe gobe a sake wani, don haka babu wani goge guda da za a ce shi ne na wane. Wannan hujja in an juya ta, goyon bayanmu take yi. Fender dubbai ake bugawa iri ɗaya; abin da ya ware ta Pastorius daga sauran shi ne abin da hannunsa ya yi mata. Namu kuwa tun daga ranar farko babu biyu masu kama: girman ƙwaryar, da tsawon sandar, da inda aka kafa jaki, da irin ƙaron da ake goga wa izga, da cebar da ke rawa a kan wuya, da layar da aka ɗaura, duka zaɓin mutum guda ne. In makaɗi ya canza goge biyar a rayuwarsa, ƙirar da yake so ba ta canzawa, kuma ita ce za a zana. Abin da ke saurin lalacewa shi ya fi bukatar a kama surarsa tun yana nan.

Za a ce ai yanzu kowa na da waya, hoto ya wadatar. Hoton waya yana da amfaninsa, amma yau yana nan gobe wayar ta faɗa ruwa. Ban da haka, mai ɗaukar hoto yana latsawa ne ya wuce, shi kuwa mai zane dole ya zauna, ya auna, ya ƙirga ƙusoshin da suka riƙe fatar, ya tambayi sunan kowane sashe da dalilinsa. Kafin ya gama ya ji wanda ya sassaƙa, da garin da aka samo icen, da bikin da ƙwaryar ta tsage aka ɗinke. Zanen yana jawo labarin. Kuma zane na iya abin da hoto ba ya iyawa: ya nuna cikin abu, ya ware sassa, ya maido da abin da ya riga ya ɓace ta hanyar tsoffin hotuna, da finafinan Télé Sahel, da bayanin ƴaƴa da almajirai.

Za a ce zane ba al'adarmu ba ce, ko a kawo batun addini. Saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne, kuma ba a wannan shafi za a raba shi ba. Amma zanen abin da ba shi da rai ba a nan gardamar take ba, kuma irin zanen da muke magana a kai ko fuska babu a cikinsa. Game da al'ada kuwa, a je unguwar Birni a Damagaram a ga abin da magina suka yi wa fuskar gidaje. Magina a ƙasar Hausa sun daɗe suna fitar da takobi da keke da jirgin sama a jikin bango. A dubi zayyanar allo, da aikin dukawa, da bayan manyan motocin da ke bin hanyar Maraɗi da Ƙonni. A tuna da Mustafa Alasan, wanda ya yi fim ɗin zane mai motsi a Nijar tun a shekarun 1960, lokacin da abin baƙo ne a nahiyar duka. Hannu muna da shi. Ba a dai taɓa ba shi wannan aiki ba.

Za a ce ƙasar da ke fama da tsadar hatsi da rashin tsaro ba ta da lokacin zanen gurmi. Wannan magana ana yin ta duk lokacin da aka ambaci al'ada, amma ba ta taɓa hana buga kalanda mai hoton manya ba, ko atamfar biki mai fuskar ɗan takara. Kuɗin takarda da fenti ana kashe su kowace shekara. Tambayar ita ce wa ake zanawa.

To, me ya kamata a yi? Ba sai an jira wata ma'aikata ko wani mai ba da tallafi daga waje ba. Yamai tana da wuraren da aikin zai tsaya a kansu: Gidan Tarihi na Ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, yana da ɗakin kayan kiɗa da rumfunan masu sana'ar hannu, cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM mai sunan Alhaji Taya, da aka kafa wajen 1990, tana da nata tarin kayan gargajiya da makaɗan da ke shiga suna fita kullum, CELHTO da IRSH suna riƙe da muryoyin da aka ɗauka tun shekarun baya. Abin da ya rage shi ne a haɗa mai zane da mai labari. Kowace ƙungiyar al'adu, daga Tawa zuwa Difa, ta zaɓi makaɗa biyar na yankinta, rayayyu da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A nemi izinin mai kayan ko magadansa. A zana abin kiɗan kamar yadda yake, da tabonsa da ɗinkinsa, kada a gyara shi ya zama sabo. A ƙarƙashinsa a rubuta sunan mai shi, da garinsa, da shekarunsa, da sunan wanda ya ƙera, da sunayen sassan a harshen mai shi kafin Faransanci. A biya mai zanen haƙƙinsa, a ba iyalin makaɗin rabonsu in an sayar. A sa mai kalangu da mai bas da mai ƙwarya a layi ɗaya da mai waƙa. Gasar da ke ɗauke da sunan Ɗan Gurmu tun ƙarshen shekarun 1980 ta nuna cewa mun iya girmama makaɗi in mun ga dama. Ba abin da zai hana irin wannan taro ya ware kyauta ga mai zane.

Ku kuma malamai, aikin ya fi kusa da hannunku fiye da kowa. A kowace unguwa akwai tsohon da gurminsa ke rataye a ƙusa, ya shekara goma ba wanda ya tambaye shi labarinsa. Darasin zane guda, da darasin rubutu guda, sun isa a aika yara wurinsa da fensir da takarda. Za su dawo da sura, da kalmomin da babu su a ƙamus ɗin aji, da sanin cewa mutumin da suke wucewa kullum a bakin hanya ya taɓa sa gari duka rawa. Yaron da ya zana gurmin maƙwabcinsa ya rubuta sunansa a ƙasa, in ya ga gitar McCartney gobe zai dube ta da idon wanda shi ma yana da nasa.

Lokaci kuwa ba ya jiranmu. A shekara ɗaya, 2018, Nijar ta yi rashin Jaliba Baje da Mamman Barka. A 2020 Abdallah Umbadugu, uban gitar Abzin, ya bi su. Duk makaɗin da ya tafi, kayansa na shiga hannun magada waɗanda sau da yawa ba su gaji sana'ar ba, kuma damina biyu ta isa ta gama da ƙwarya da fata. Duk wanda ya sake tsayawa a gaban taro zai yi kukan cewa yara sun san kayan kiɗan waje sun manta na gida, a nuna masa gogen da ke cikin littafin makaranta a tambaye shi: gogen wane ne? In ya kasa amsawa, ya sauko daga mumbari ya ɗauki takarda, a tafi neman mai shi tare.